Shatin Yatsu Huɗu a Jikin Tsohuwar Fosta

Yawancin ranakun aikin gadi wucewa suke yi ba su bar wa mutum komai ba sai ciwon ƙafa. Amma akwai wata Litinin a watan Satumba da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da na tsallake sufabaizana na yi wa mai kaya magana kai tsaye, abin da nake hana ku yi tun ranar da kuka sa yunifom. Tunda yawancinku sababbin zuwa ne, bari in ba ku labarin daga farko.

Lokacin ina shekarata ta huɗu a Doha, gadi zalla, ko igiya ɗaya babu a kafaɗata. Ga wanda bai san tsarinmu ba, a ƙasa akwai mai gadi, samansa tim lida, sannan sufabaiza mai kula da wurin gaba ɗaya, sai manaja da ke zaune a ofis, wanda ba ma ganinsa sai abu ya ɓaci. Masu wurin da muke gadi kuwa, tsakaninmu da su gaisuwa ce kawai. Duk abin da ka gani, rediyon oba-oba za ka ɗauka ka gaya wa na sama da kai, shi ya san yadda zai yi da shi. Abu na biyu shi ne littafi. Kowace ƙofa tana da littafinta, kuma lokacin da aka buɗe ta, da wanda ya ce a buɗe, da lokacin da aka rufe, duk sai an rubuta.

Wurin da aka kai mu wani zauren baje kolin zane-zane ne a Mushairib, 'yar tafiya kaɗan daga tashar metro. A lokacin an kawo tsofaffin fostocin finafinan Italiya. Ba irin na yanzu ba ne da ake ɗora hoto a kwamfuta. Da hannu aka zana su, da burushi da fenti, sannan aka buga a takarda mara kauri. Manyan cikinsu sun fi ni tsawo, kuma ba a takarda ɗaya suke zuwa ba, biyu ne ko huɗu, sai an haɗa su a bango fuskar mutum take cika. Mai zanen zai yi wa mutum koriyar fuska da shuɗiyar inuwa, kuma ka kalla ka ga daidai ne, haka mai damuwa yake. Duka mallakar wata dattijuwa ce 'yar Italiya da kowa ke kira Sinyora, kamar dai mu ce Hajiya. Mahaifinta ya taɓa riƙe ƙaramin gidan silima a garinsu, ita ta gaji takardun.

A ƙarshen zauren akwai ɗan ɗaki mai duhu da ake haska finafinan kansu daga safe zuwa yamma. Duk masu baƙi da fari ne, kuma duk a kan abin da ke cin mutum a zuciya. Ba faɗa, ba rawa, ba waƙa. Mace za ta tsaya a bakin taga minti biyar ba ta ce uffan ba. Farkon zuwana na ce da a Kano aka haska wannan da an karya kujeru. Amma wanda ya wuni a bakin ƙofa dole ya kalla, kuma a mako na biyu na tsinci kaina ina jiran a zo wuraren da nake so. Wanda ya fi kama ni na wani mai ba jirgin ƙasa hannu ne, da aka yi hatsari a lokacin aikinsa. Ba wanda ya ce masa kai ne. Kallonsa kawai mutanen gari suke yi, har ya daina yarda da abin da ya tuna, ya je da ƙafarsa ya ce shi ne.

Fostar wannan fim ɗin ita ce babba a zauren, takarda biyu, ta sama da ta ƙasa. Ita kaɗai ce ba a taɓa gyarawa ba, kuma ita kaɗai aka kafa ba gilashi, da ƙananan maganaɗisu, aka gitta igiya a gabanta. Sinyora ce ta dage a kan haka, domin wannan ce ta taɓa zama a bangon silimar mahaifinta, tana so mutane su gan ta yadda take. An kafa ta can ƙarshe, kusa da ƙofar baya. Mai tsaronta Fuseini ne, ɗan Zangon Kumasi, watansa takwas da zuwa. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda ke goge yunifom ɗin da ya riga ya goge. Ina yawan tsokanarsa cewa Hausarsa ta sha ruwan teku, shi kuma ya ce mu Kanawa mun cika wa magana kaya. Baba Liman yake ce mini, kamar kowa a masaukinmu na Al Rayyan, saboda ni nake ja mana salla.

Mai kula da kayan baje kolin wata mata ce, Madam Nura. Al'adarta, kafin a buɗe wa jama'a, za ta bi kowace fosta da 'yar tocila tana dubawa tana ɗaukar hoto. Ta duba ranar Alhamis da safe, lafiya lau. Juma'a zauren a rufe yake, Asabar kuma hutunta ce, ko da yake mu muna aiki. Ranar Lahadi da safe ta haska babbar fostar sai ta tsaya cak. A gefen dama, daidai ƙirjin mutum, inda takardar sama ta hau ta ƙasa, ga layi huɗu launin ruwan shayi, an ja su a kwance. Ko makaho ya shafa zai ce yatsu ne.

Aka duba kyamara. Ranar Asabar da la'asar sandar wani tsoho ta faɗi ta wuce igiya. Aka ga Fuseini ya tsallaka igiyar ya sunkuya zai ɗauko. Daga nan wani bangon katako da aka kafa saboda baje kolin ya tare wa kyamarar gani, sai fitowarsa da sanda a hannu. Sufabaizanmu, Mista Jozef, ya cire shi daga wurin nan take, ya kai shi ɗan ofishinmu, ya ba shi takarda da biro ya ce ya rubuta bayani. Awa uku suka yi a ciki, manaja na bugo waya yana tambaya ko an gama. Da Fuseini ya fito ya riga ya sa hannu cewa mai yiwuwa ya dafa fostar ba da saninsa ba. Kafin azahar magana ta zagaya: ranar Talata za a soke masa biza a ba shi tikiti, da takardar cewa sakaci ya kore shi. Ku kun san wanda ya fita da irin wannan takarda ba kamfanin tsaron da zai sake duba shi. Sinyora kuma, da ke gari tun makon da ya wuce, ta ce za ta kwashe kayanta.

Da aka cire shi, ni aka mayar wurin. Na tsaya a bakin igiyar daga sha ɗaya na safe har yamma, ba abin da nake yi sai kallon layukan nan. Abu na farko da na lura, fentin da ke wurin ko gezau, ba maiƙo a kansa, ba ƙyalli, alhali hannun mutum in ya taɓa takarda a sama yake barin alama. Na biyu, layukan ba a tsakiyar fili suka fara ba, a bakin haɗin suke, sun taso daga ciki sun nufi waje. Na san wannan jan. Hannuna ya yi shi sau ba adadi.

Nan zan gaya muku abin da a lokacin ba wanda ya sani a Doha. Ina saurayi, shekara uku na yi ina liƙa fosta a wani gidan silima a Kano. Wanda ya tashi a garinmu ya san abin da ake ce wa ɗan silima a wancan zamani. Mahaifina har ya rasu yana zaton a shagon fenti nake aiki. Sitacin rogo muke damawa da ruwan zafi, mu shafa da burushi a bayan takarda, mu manna a allo. Amma in fosta biyu ce aka haɗa, bakin haɗin ne yake ɗagowa, kuma burushi ba ya shiga nan. Sai ka tsoma yatsu huɗu a bokiti, ka zura su ƙarƙashin bakin takardar, ka ja daga ciki zuwa waje, ka danne da tafin hannu. Ka yi wa dama, ka yi wa hagu. Ba mai hankalin da zai yi wa gefe ɗaya ya bar ɗaya. In damina ta yi nisa kuma, ka shiga sito inda muke jingine tsofaffin alluna, sai ka tarar sitacin ya sha laima ya huda takardar ya fito ta gaba, ga shatin yatsunka ɓaro-ɓaro a goshin jarumi.

To, ina laima a zauren da sanyin na'ura ba ya yankewa? Amsar tana cikin littafina. Ranar Alhamis ni ne a ƙofar baya. Da yamma za a yi wa Sinyora liyafa, masu kawo tebura da abinci suka sa katako suka tokare ƙofar don kada ta dinga rufe musu. Kun san Satumbar Doha, ka fito daga mota gilashin idonka ya yi fari, riga ta manne maka a baya. Na kira Mista Jozef a oba-oba na ce ƙofa a buɗe take, iskar waje na shigowa. Ya ce mafi mushkila, wato ba matsala da Larabcin can, in bar su su gama. Na rubuta: an buɗe biyu da minti goma, an rufe biyar da minti ashirin. Na'urar da ke auna laimar zauren kuwa can take a bakin babbar ƙofa, nesa da wurin, shi ya sa ba ta nuna komai ba. Gefen dama na fostar shi ne ke fuskantar ƙofar baya.

Da aka tashi aiki na sami Mista Jozef shi kaɗai. Na ce, "Oga, yaron nan bai taɓa takardar nan ba. Daga baya abin ya fito, tsohon sitaci ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Garba, yaushe ka zama likitan takarda?"

"Ba likita ba ne ni. Amma a juya ta a gani."

"Khalas, magana ta ƙare, ya riga ya sa hannu. Shi da kansa ya ce ya dafa. Kana so in je in ce wa manaja mai gadina ya fi Madam Nura sani?"

Na ce akwai kuma maganar ƙofa. Nan ya dinga juya biro a hannu. Sai na gane ba mugunta ce ke damunsa ba, tsoro ne, domin muryarsa ce ta ce a bar ƙofar. Ya ce, "Yalla, tafi, bas na jira. Gobe ka tsaya a wurinka ka kama bakinka."

Bayan magariba na leƙa ɗakinsu Fuseini. Na tarar ya sauko da akwatinsa yana ninke kaya, har da yunifom ɗin da zai mayar, a goge. Na zauna a bakin gadon na ce, "Dube ni nan. Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?"

Ya ce, "Baba Liman, da safe na san ban taɓa ba. Wallahi na san. Amma sun nuna mini bidiyon sau shida. Massa Jozef ya ce, to in ba kai ba, wa? Na duba, ba kowa sai ni. Yanzu kaina ya cika paa. Ko na dafa da na sunkuya, ni ban sani ba kuma."

"Da wane hannu ka ɗauki sandar?"

"Dama."

"Hagun fa?"

Ya kalli hannun nasa kamar na wani ne. "Ban sani ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi ba. Mako uku ina kallon irin wannan a allon silima ina cewa sai Turawa, ashe ga shi a masaukinmu, da ɗan musulmi mai salla a bayana. Ba zan ɓoye muku ba, na yi lissafin kaina. In na yi magana, na karya doka, na tona Mista Jozef, na tona kaina tunda ni ne a ƙofar, kuma jama'ar da ke bina salla za su ji limaminsu tsohon ɗan silima ne. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini nauyi, ku yi dariya in kuna so. Na ce wa Fuseini kada ya rufe akwatin tukuna. Ya ce to, don ladabi, ya ci gaba da ninke kayansa.

Litinin da ƙarfe tara, kafin a buɗe wa jama'a, suka shigo su huɗu: Sinyora da sandarta, Madam Nura, manajanmu, da Mista Jozef a baya. Ma'aikata biyu na biye da su da safar hannu da babban tebur mai taya, za a sauke fostar a naɗe ta. Sinyora 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, amma ranar fuskarta ba wanda zai so ya tsaya a gabanta. Ta kalli layukan, ta faɗi wata magana da yarensu. Madam Nura ta fassara wa manaja cewa shekara sittin takardar nan ta yi ba wanda ya ci mutuncinta sai a nan.

Ina tsaye a bakin igiya, hannu a baya, littafin ƙofar baya a cikin rigata. Na yi bisimilla a zuciyata, na yi gyaran murya, na ce da Turanci, "Madam, a gafarce ni. Hannun da ya yi wannan ba ta gaba ya taɓa ba."

Mista Jozef ya ce, "Garba." Manaja ya yi mini wani kallo da na ji tikitina ya kusa. Madam Nura ta ce in tana buƙatar ra'ayin masu gadi za ta tambaya. Amma Sinyora ta ɗaga sandarta kaɗan, ta tambayi me na ce. Da aka fassara mata ta juyo gaba ɗaya ta dube ni daga hula har takalmi.

Ta ce, ta bakin Madam Nura, "Ta ina ka sani?"

"Aikina ne a da, a garinmu. Liƙa fostar silima."

"Da me kuke liƙawa?"

"Da sitacin rogo."

Ta ce su da garin alkama suke yi. Na ce duk tafiyarsu ɗaya in suka sha laima. Sai na ɗaga hannu a iska na nuna mata yadda ake tsoma yatsu, a zura, a ja, a danne. Na ce, "Ba sai kun yarda da ni ba. Tunda za ku sauke ta, ku kwantar da ita a kife. Za ku ga busasshen abin liƙi a bayan layukan nan huɗu. Kuma ku duba gefen hagu, inda ba abin da ya fito ta gaba. Akwai irinsu a can. In babu, ku haɗa ni da Fuseini a jirgi ɗaya."

Na faɗi wannan da ƙarfin hali ne kawai. Mutumin da ya liƙa ta ban san shi ba, ban san ƙasarsa ba. Abin da na dogara da shi kawai shi ne mai sana'a ba ya barin aiki rabi.

Sinyora ta ce a juya. Aka cire maganaɗisun ɗaya bayan ɗaya, aka zare takardar sama a hankali, mutum biyu suka kwantar da ita a kife a kan tebur. Madam Nura ta kunna tocilarta ta kwantar da hasken a gefe. A dama, ga su nan, layi huɗu na busasshen ƙullun alkama, sun yi duhu sun kumbura. Ta taka a hankali zuwa hagu, mu duka muna bin hasken da ido. Ga wasu huɗun, farare, a bushe, har da wurin da babban yatsa ya dafa a ƙasansu, zanen fatarsa ya fito raɗau.

Madam Nura ta kashe tocilar ta sake kunnawa. Sinyora ta miƙa wa manajanmu sandarta ya riƙe mata, ba tare da ta dube shi ba, ta matso, ta ɗaga hannunta a saman shatin ba ta taɓa ba. Yatsun da ke takardar sun fi nata tsawo nesa. Ta fara magana ƙasa-ƙasa, Madam Nura na fassarawa. Ta ce mahaifinta ba ya yarda kowa ya liƙa masa fosta, shi yake yi da kansa kowace Alhamis, kuma mahaifiyarta kullum cikin faɗa take saboda yana zuwa cin abinci da ƙullu a farce. Ta ce tana da hotunansa, tana da agogonsa, amma ba ta san tana da hannunsa ba. Sai ta fashe da kuka tana dariya a lokaci guda. Ni ma idona ya kawo ruwa, na yi kamar ina gyara hula.

Madam Nura mace ce mai gaskiya. Ta juyo ta ce mini, "Ka yi daidai, ni na yi kuskure. Amma me ya tashe shi yanzu bayan shekaru?" Na zaro littafin na buɗe shafin Alhamis na miƙa mata. Ta karanta, ta kalli ƙofar baya, ta kalli inda na'urar awon laima take, ta dafe goshi. Manaja ya tambayi wanda ya ba da izinin barin ƙofa a buɗe awa uku. Sunan yana rubuce a gabansa, amma kafin ya kai ga layin Mista Jozef ya tako gaba ya ce, "Ni ne, sa. Garba ya kira ni, na ce a bari." Daga ranar nake ganin girman mutumin nan.

Kafin azahar aka aika mota ta ɗauko Fuseini daga masauki. A gabansa manaja ya yaga takardar da ya sa wa hannu. Sinyora ta kama hannunsa da nata biyu ta ba shi haƙuri, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, sai "no problem, Madam" yake ta maimaitawa. Ta janye maganar kwashe kaya, ta kuma roƙi a mayar da shi wurinsa. Aka matsar da fostar nesa da ƙofa, aka ƙaro na'urar awo, aka hana tokare ƙofar baya ko don wa. Da takardar ta bushe layukan suka dushe amma ba su ɓace ba, kuma Sinyora ta hana a taɓa su. Aka buga ɗan kati aka kafa a gefe yana bayanin hannun wane ne. Daga nan har aka rufe baje kolin, nan ne jama'a suka fi taruwa, Fuseini na tsaye ƙirji a buɗe yana nuna musu da ido inda za su duba.

Ni kuwa a mako guda na karɓi takarda biyu daga ofis, ɗaya ta gargaɗi saboda na yi wa mai kaya magana ba izini, ɗaya ta yabo saboda abin da na faɗa. Manaja ɗaya ne ya sa hannu a duka biyun. A masauki labari ya riga ni isa. Ina shiga wani Bazazzagi ya ce, "Liman, yau wane fim za a haska?" Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da lokacin salla ya yi na ja baya in ga abin da za su yi, sai suka tura ni gaba kamar kullum. Abin da na ɓoye shekara ashirin da wani abu, ashe iyakar kuɗinsa dariyar yamma ɗaya.

Bayan kwana uku muna cikin bas za mu koma gida, Fuseini na gefena. An wanke shi, an ba shi haƙuri, tsohuwa ta riƙe hannunsa a gaban manaja. Sai ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Baba Liman, tsakaninka da Allah, ka tabbata ban taɓa ba?"

Wannan tambayar ta fi komai koya mini aikin nan. Mu masu gadi an horar da mu mu yarda cewa in abu ya lalace a gabanmu, mu ne. Mutumin kirki ya fi saurin faɗawa wannan ramin, domin shi ne mai tuhumar kansa. Ka sa shi a ɗaki, ka nuna masa bidiyo sau shida, ka ce in ba kai ba wa, zai ba da shaida a kan kansa, kuma ko an yaga takardar abin ba ya fita daga zuciyarsa da wuri. Shi ya sa tun da na zama sufabaiza ba na karɓar bayani daga wanda jikinsa ke rawa. Sai ya zauna, ya sha ruwa, sannan in ce ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi, ban da mai yiwuwa. Ku kuma ku cika littafinku ko da abin bai kai a rubuta ba, kuma kada ku raina sana'ar da kuka baro a gida.

Amsar da na ba Fuseini a bas ɗin ita ce, "Na tabbata. In kai ka manta, ni na riƙe maka." Ya jingina kansa da gilashi, kafin mu fita daga Mushairib barci ya ɗauke shi. Abokan ɗakinsa suka gaya mini rabonsa da runtsawa tun ranar Lahadi.